Ki Tafi Ki Auna Kifinsu, Uwata

Madinat Khalifa, Doha

Zuwa ga autata, mai sunan mahaifiyata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Uwata, ubanki ne ke gaishe ki, gaisuwar mutumin da ya daɗe bai ga fuskar da yake gaisarwa ba. Ina roƙon Allah takardar nan ta same ki lafiya, ta sami Innarki da sauƙin gwiwa, ta tarar da gidan a tsaye cikin rufin asiri. Allah ya tsare ki a tudu, ya tsare ki a ruwa, tunda ke ma ruwan kika zaɓa kamar kakanninki.

Na fara rubutun a ɗakinmu, amma yawancinsa a cikin mota na yi shi, a kan gwiwata, ina jiran iyalin maigidana su gama sayayya. In kin ga layi ya karkace, an ƙwanƙwasa mini gilashi ne. Malam Sani mai gadi, abokin ɗakina, zai sauka gida ranar Talata, shi zai kawo miki ita hannu da hannu. Na ƙi faɗa miki ta waya, domin a waya bakina ya fi hankalina sauri, ke ma shaida ce.

Innarki ta gaya mini abin da kika yanke. Ta ce takardar da mutanen Amurka suka aiko miki, ta zuwa koyon aikin auna kifi na shekara biyu a babban koginsu, kin ninke ta kin tura ƙasan akwati. Ta ce Juma'a ta sama za ki rubuta musu cewa ba za ki samu zuwa ba. Dalilinki biyu: yayyenki suna Legas da Kontagora da iyalansu, ba mai zama da ita, sannan ubanki bai sa albarka ba. Na biyun nawa ne. Na farkon ma, in an bi diddigi, nawa ne. Ina roƙonki kada ki rubuta musu komai sai kin kai ƙarshen takardar nan.

Na riƙe duk abin da kika gaya mini game da aikin, ko da kin ɗauka ban saurara ba. Kin ce kifayen iri biyu ne, samon da wani mai sunan da ke karya mini harshe, sitilhed, wai mai kan ƙarfe. Ana ƙyanƙyashe su a ƙananan rafuka masu sanyi a cikin duwatsu, su gangara teku tun suna ƙanana, su yi shekaru a can ba wanda ya san inda suke kwana. Sai wata rana su juyo. Su hauro kogin, ruwa na tura su baya suna tura shi gaba, su hau wata matakalar ruwa da aka gina musu a gefen madatsa, har su kai rafin da aka haife su. Kin ce da ƙamshin ruwan suke gane hanya. A bakin matakalar nan za ki tsaya da rigar roba. A tare kaɗan daga cikinsu, a sa su cikin ruwan da zai kwantar musu da jiki su daina fizge-fizge, ki shimfiɗa kowanne a kan allon awo ki rubuta tsawonsa, ki cire ɓamɓaroki biyu ko uku daga gefensa, ki mayar da shi ruwa ya ci gaba da tafiyarsa. A jikin ɓamɓarokin, in an sa shi ƙarƙashin madubin likita, wai akwai zobba irin na kututturen itace, daga nan ake karanta shekarun kifin, nawa ya yi a kogi, nawa ya yi a teku. Kowace shekara ake yi, don a san ko suna dawowa da girmansu ko suna ƙanƙancewa, ko tsofaffin cikinsu na ƙarewa.

Kina cikin wannan bayani, cike da murna, ni kuwa na ce, "To, ɗiyar masunci ta rasa kifin da za ta ƙirga sai na Turawa? Wa za ki bar ma uwarki?" Sai kika ce, "Baba, kai wa ka bar mata?" Kika kashe waya. Na yi kwana uku ina jin haushi. A rana ta huɗu haushin ya tafi ya bar ni da tambayar, har yau tana tare da ni.

Akwai wani babban kanti a Al Mirqab da nake kai uwargidan gidan da nake aiki. Shekara nawa ina wucewa ta gefen masu kifi ba na tsayawa, don kifin ƙanƙara ba ya yi mini kama da kifi. Makon jiya na tsaya. Na ce wa mai yankan, wani ɗan Indiya mai furfura a gashin baki, ya nuna mini samon. Ga shi dogo, bayansa ruwan toka, cikinsa fari tas, namansa ja-ja kamar cikin gwanda. Na ce ya ba ni ɓamɓaroki ɗaya. Ya ce kilo nawa? Na ce ba kilo ba, ɓawo ɗaya tak. Ya yi mini irin kallon da ake yi wa wanda rana ta taɓa, ya kankaro da bakin wuƙa, ya ɗora mini a yatsa, ya ce da Larabcin kasuwa, "Yalla, habibi, ɗauka abokina, kyauta." Na tambaye shi daga wane kogi kifin ya fito. Ya yi dariya, ya ce wannan bai taɓa ganin kogi ba, a keji aka yi kiwonsa cikin teku, ana zuba masa abinci safe da yamma har ya kai nauyin da ake so. Amsar ba ta yi mini daɗi ba, kuma na ƙi tsayawa in tambayi kaina dalili.

Na koma mota na zauna, na ɗaga ɓamɓarokin ga rana. Bai kai farcen ƙaramin yatsana ba. Ban ga zobe ko ɗaya ba, idon ya tsufa. Amma ina cikin kallonsa sai titin gabana ya fara kawalwalniya, kwalta ta zama ruwa, motoci suka zama jirage. Na ga mashigin Yauri da hantsi, mata na wanke kwanduna, hayaƙin banda na tashi a hankali yana kwanciya a kan ruwa, belbela na tsaye da ƙafa ɗaya a kan tsohon jirgin da ya nutse rabi. Na ji warin laka da ɗanyen kifi har cikin maƙogwarona, alhali gilashi a rufe yake, sanyin mota na kaɗawa. Ban san tsawon lokacin da na yi a can ba, sai da uwargida ta ƙwanƙwasa sau biyu. A ranar na san zan rubuta miki, kuma na san ba ni da wata nasiha da ta wuce in buɗe miki laifuffukana ki gani.

Kakanki, Allah ya jiƙansa, yana da tsaga biyu a bakin jirginsa. Da gizago ya yi su, tsakaninsu taƙinsa ɗaya da yatsu huɗu. Duk kifin da ya fito, ina nufin manyan iri, giwan ruwa da bargi da yauni, waɗanda Allah ya yi su don su girma, sai ya shimfiɗa shi a nan. In ya cika tsakanin, ya shiga kwando. In bai cika ba, ya koma ruwa, har yakan yi masa magana: "Tahi ka girma, mu gamu baɗi." Kuma in damina ta sauka, ruwa ya hau fadama, kifi ya fara bin ruwan da ƙwai a ciki, ba ya shimfiɗa taru a bakin fadama ko da gidan ba miya. Ni kuwa gani nake ɓata lokaci ne irin na tsofaffi.

Shekarar da ciwo ya kwantar da shi jirgin ya dawo hannuna, ina da ashirin da 'yan kai, jini na tafasa. Na ga samari sun fara ɗinka gidan sauro a cikin tarunsu, ni ma na ɗinka. Gidan sauro ba ya barin komai, Uwata, ko ɗan kifin da bai kai gaɓar yatsa ba. Na tare bakin fadama a tsakiyar damina, na cika jirgi har ruwa na neman shigowa, na sauke a gaban kakanki ina jiran yabo. Ya sa aka tallafo shi zaune. Ya sa hannu a kwandon ya ɗebo 'ya'yan giwan ruwa, tafinsa ɗaya ya ɗauki wajen ashirin. Ya daɗe yana kallonsu, sannan ya ce, "Ummaru, ka ci abincin ɗiyanka tun ba a haihe su ba." Ni kuma ban daina ba, don kowa na yi.

Ba ni kaɗai na ƙarar da kifin koginmu ba, ba zan ba kaina girman da ban kai ba. Amma da hannuna a ciki. Ranar da na jawo taru na tarar ba abin da zai ciyar da ku, ranar da na fara tambayar yadda ake zuwa ƙasar Larabawa, ban yi mamaki ba, an riga an gaya mini. Don haka idan kifi ya kwanta a hannunki a can, ki tuna tafiya yake yi, ke kika tsare shi. Ki jiƙa hannunki kafin ki taɓa shi, kada ki matse masa ciki, ki yi sauri, ki sake shi da fuskarsa wajen da ya nufa. Wannan ba sai malamanki sun koya miki ba, gadonki ne da ya tsallake ni. In kin ga dama ki yi masa magana da Hausa, ba wanda zai ji sai shi.

Laifi na biyu ya fi kusa da aikinki, shi ya sa nake jin kunyar faɗarsa. Kafin a haife ki wasu ma'aikatan kifi sukan zo mashiginmu sau ɗaya a wata. Shugabarsu wata mata ce 'yar kudu, gajeruwa, da malafa a kai, Hausarta garau. Suna zuwa da allo mai layi-layi da sikeli da littafi. Ba sa karɓar komai, su dai a bar su su auna abin da aka kamo su rubuta. Mu kuwa muka ce ruwa ba ya tsami banza, in suka ga ƙananan nan za su ƙwace taru su ƙona. Aka zauna shawara, kuma ni na kawo dabarar, don an san ni da wayo. Ranar zuwansu jirage su fara tsayawa a bayan tsibiri, a sauke ƙananan a can, a zaɓo manya a jera, a iso mashigi da fara'a. Har mukan ɗaure giwan ruwa guda da ransa a cikin ruwa kwana biyu don ranar. Akwai wanda aka auna sau uku a jirage uku, ni na riƙa zagayawa da shi ta bayan mata masu banda.

Matar takan durƙusa a cikin laka ta auna ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa, ta rubuta, ta ce, "Madalla, koginku na da lafiya." Wata rana ta ɗago ta dube ni ta ce, "Malam Umaru, ina yaran kifin? Kogi ba ya haihuwar manya." Na ce, "Hajiya, mu dai abin da Allah ya ba mu ke nan." Ta daɗe tana kallona, sannan ta rubuta abin da ta gani. Bayan tafiyarsu muka yi ta dariya har da riƙe ciki.

Da kogin ya fara juya mana baya, dattawa suka tafi ofishin ma'aikatan kifi roƙon a hana taru mai gidan sauro, a rufe bakin fadama lokacin ƙwai. Aka buɗe musu littafi aka ce ga shi a rubuce, kifinku manya ne, lafiyarsu ƙalau, me kuma kuke so? Ƙaryarmu aka karanta mana da Turanci, ba wanda ya iya musawa. Ina cikin masu rakiya, ina tsaye a bakin ƙofa, na sunkuyar da kai.

Ki rubuta abin da allo ya nuna, ko da bai yi wa kowa daɗi ba. Wata rana za ki gaji, yatsu su daskare da sanyi, kifi na ɗari da wani abu ya iso hannunki, zuciya ta ce miki ai ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima, kusan ɗaya suke da na baya, rubuta kawai. Kada ki yarda. Wani zai buɗe littafin nan bayan shekaru ya yanke hukunci a kan kogi sukutum, kuma bai san ranar kin gaji ba. Ki kuma yi irin tambayar da matar nan ta yi mini, amma kada ki tsaya a amsar farko, ki zagaya bayan tsibiri ki gani da idonki. Masunta ko'ina masunta ne, da tsoronsu da wayonsu. In akwai mutanen da suka gaji kogin nan tun kaka da kakanni, kuma na san ba a rasa ba, ki zauna da tsofaffinsu, ki ci abincinsu, ki gaya musu ɗiyar waye ke kafin ki fito da allonki.

Na uku ke na yi wa. Na san ba ki manta ba, amma ba mu taɓa maganarsa ba. Da na baro gida kina da shekara goma, kanki na taɓa daidai aljihun rigata. Shekara huɗu bayan haka, ban samu hutu ba tukuna, na shiga kasuwa gab da Sallah na saya miki doguwar riga shuɗiya mai duwatsu a wuya. Mai shago ya ce wace lamba, na dafa aljihuna na ce, "Tsayinta iya nan yake." Takalmin ma da tafin hannuna na auna, yadda na tuna ƙafarki. Na aika. Ranar Sallah kika kira kika ce, "Baba, na gode, ta yi mini kyau ƙwarai." Na yini ina gaya wa mutanen ɗaki na iya zaɓen kaya. Sai da na zo hutu Innarki ta gaya mini rigar ko kafaɗarki ba ta wuce ba, ɗiyar maƙwabta aka ba, kuma sai da kika shiga bayan ɗakin banda kika yi kuka kika wanke fuska kafin ki kira ni. A wannan hutun, da na iso ƙofar gida, wata budurwa ta karɓi jakata ta durƙusa, na amsa gaisuwarta ina leƙen bayanta ina neman autata.

Abin ya yi mini ciwo, har yanzu yana yi. Kuma ban ɗauki darasi ba, domin ranar da kika kira da maganar Amurka ma yarinyar nan ta aljihun riga na amsa wa, ba macen da ta gama jami'a ba. Wanda ya yi nisa yakan tsayar da nasa a inda ya bar su, su kuwa ba sa tsayawa. Ke za ki yi nisan da ya fi nawa. In kin kira Innarki kada ki karɓi "lafiya lau" ki kashe waya. Ki tambaye ta ko ta je kasuwa da ƙafarta wannan makon, me ta ci, wa ya shigo gidan. Ki ce ta fito tsakar gida ki ga fuskarta cikin rana. Ke ma kada ki yi mana irin godiyar rigar nan. In sanyi ya dame ki ki ce ya dame ki, in kewa ta kama ki ki kira ki yi kukanki a kunnenmu.

Sauran abubuwa Innarki ta fi ni iya faɗa, sallarki da mutuncinki da irin waɗanda za ki zauna da su. Ni na ruwa na sani. Kada ki ce kin iya iyo tun kina ƙarama, ruwan ƙanƙara ba irin namu ba ne, an ce yakan ɗaure gaɓoɓin mutum kafin ya yi bugu goma. In an ba ki rigar ceto ki sa, ko jininmu na Sarkawa masunta na gaya miki abin kunya ne. Dutse mai gansakuka kuwa ba a taka shi da gaggawa. Ki sayi safa mai kauri tun ranar da kika sauka.

Laifi na ƙarshe shi ne babba. Ranar da zan taho, a tashar mota, na ce wa Innarki shekara biyu. Ta ce, "Biyu dai?" Na ce biyu. Yanzu sha uku, da hutu uku a ciki. Ba wanda ya ɗaure ni. Kowace shekara da dalilinta mai kyau, rufin ɗaki, auren yayanki, karatunki, duk gaskiya ne. Amma akwai wata gaskiyar a ƙasansu. Na ji tsoron in koma in tsaya a bakin kogin da ba kifi, a ce ga Ummaru ya dawo, mi zai yi? Nan kuwa na san hanyata: asuba masallaci, ƙarfe bakwai makaranta da jikokin gida, Alhamis kasuwar Abu Hamour sayen kayan miya, la'asar bakin teku. Kwanaki suka yi ta wucewa, yau kamar jiya, ba cikar kogi ba janyewarsa da za su tuna wa mutum shekara ta zagayo. Da za ki cire mini ɓamɓaroki ki sa a madubinki, ban san me za ki karanta ba.

Kin ce samon in ya kai gida ya zuba ƙwai a nan yake mutuwa, ƙarfinsa duka a hanya ya ƙare. Mai kan ƙarfe kuwa wani lokaci yakan rayu, ya sake gangarawa teku, ya sake dawowa. Na yi ta juya wannan a raina. Mutum biyu 'yan ɗakinmu muka rufe a ƙasar nan tun zuwana, cikin yashin da ba nasu ba, kuma kowannensu "baɗi" yake cewa. Ba na so in iso gida da ƙarfin kwanciya kawai. Ke ki zama mai kan ƙarfe, daman kan naki ya yi kama, na ji taurinsa ta waya. Ki sa ranar dawowarki tun kafin ki tafi, ki faɗa wa wanda ba zai ji kunyar tuna miki ba. In sun ce ki ƙara, ki zo gida tukuna, ki taka lakar mashigi, sannan ki yanke shawara. Koginmu ma yana jiran mai allo.

Ranar Lahadi da la'asar na kai tsoho bakin teku kamar kullum. Shi ne kafil ɗina, wato maigidan da ya tsaya mini a ƙasar nan, ya doshi casa'in, ba abin da yake so kamar ya zauna ya kalli jiragen katako suna lilo a kan ruwa. Na tsaya a gefensa na ce, "Baba, khalas, ya isa haka. Gida zan tafi." Bai juyo ba. Ya ce hutu? Na ce a'a, gaba ɗaya. Na ba shi labarinki da ɗan Larabcin da nake da shi, na haɗa da hannu, na nuna masa yadda kifi ke hawan ruwa. Sai ya ce mahaifinsa mai nutso ne, neman lu'ulu'u, yakan tafi teku wata huɗu, kuma in lokacin dawowa ya gabato mahaifiyarsa takan kawo su bakin ruwan nan su tsaya. Ya ce, "Wata huɗu, ya Umar, kuma muna ganin ya daɗe. Kai shekara nawa?" Na faɗa. Ya ce, "Astagfirullah. Yalla, tafi."

Abu ɗaya ya roƙa, in tsaya har sabon direba ya iso, in nuna masa hanyoyi da lokutan asibitin tsoho. Na ƙirga kwanakin, na sake ƙirgawa. Zan sauka gida kwana tara bayan tashinki. Na so in ce masa a'a, amma mutumin da ya riƙe ni shekara sha uku bai taɓa cin mutuncina ba, ba zan bar shi ba mai kai shi wurin likita. Na yi magana da Gwaggonki, za ta zauna da Innarki kwana taran nan. Daga nan kuma ni ne. Ni zan kai ta asibiti, ni zan ɗebo ruwa, ni zan hura wutar banda in ta yarda in taɓa mata kaya. Dalilinki na farko ya faɗi ke nan. Na biyu kuwa, ga shi da rubutun hannuna: na yarda, na janye maganata, Allah ya yi miki albarka duniya da lahira. Ranar Juma'a ki rubuta musu cewa kina zuwa.

Innarki ta ce a tsarin tafiyar da suka aiko, jirginki a nan Doha zai ya da zango, sa'a biyar, ki canza wani. Na je na tambaya ko za a bar ni in gan ki. Sun ce na waje ba ya shiga, mai wucewa kuma ba ya fitowa sai da biza, lokacin ma bai isa ba. Shekara huɗu rabona da fuskarki, za ki zo garin da nake, tsakaninmu bai fi tafiyar rabin sa'a a mota ba, kuma ba zan gan ki ba. Na zauna a mota na yi kuka, ba na jin kunyar gaya miki. Ba laifin kowa ba ne sai nawa, na karɓa.

Amma akwai wani wuri a bakin teku da ake ganin jirage suna tashi. Na roƙi tsoho safiyar ranar, ya ba ni. Zan je tun bayan asuba in tsaya. Ban san wanne ne naki ba, daga ƙasa duk kamarsu ɗaya, don haka kowanne ya tashi zan ɗaga masa hannu in yi masa addu'ar tafiya, har rana ta take. In kin samu kujerar taga ki duba ƙasa. Ba za ki gan ni ba, amma ki duba.

Allah ya kai ki lafiya, ya haɗa ki da mutanen kirki, ya ɗumama miki ƙasar sanyi, ya riƙe ƙafarki a kan duwatsu masu santsi. Ya tsare ki daga sharrin mutum da na ruwa. Ya dawo mana da ke, ya sa ni ne zan buɗe miki ƙofa. Ki gaishe da Gwaggonki da mutanen mashigi. Ki karanta wa Innarki takardar nan duka, kada ki tsallake komai, ki ce mata wannan karon ba shekara na faɗa ba, rana na faɗa.

Wassalam.

Ubanki,
Umaru